Baƙuwar Kumandan a Garkar Kubra

Tukur tafinta ne ya kashe wa Kubra kuɓewarta. Ba fara ba ce, ba awakin maƙwabta ba ne, ruwa ma bai ɗauke ba, don a wannan shekara sama ta yi wa Dogon Dutsi adalci. Tukur ne, ɗan gidan Abdu majemi, wanda nasara suka kai lakwal, makarantarsu ta boko, ya komo da baki biyu da takalmi mai ƙara. Wanda duk ya ce ba shi ba ne, to ya zo ya faɗa a gaban Kubra.

Kubra tsohuwa ce mai zaman kanta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gona ta fi ƙarfinta, abin da ya rage mata shi ne 'yar garka a bayan ɗaki, da dangar kara wadda ba ta wuce ƙugu ba. Nan take shuka kuɓewa duk damina. Tana tsinke ta tun tana ɗanya sharaf, ta yanyanka, ta shanya a tabarma, ta ɗura a tulu. Abin da ke cikin tulun nan shi ne miyarta daga kaka har wata damina ta kewayo. Ita kuwa kuɓewa ba ta jiran kowa. Ka ƙyale ta yau, ka ƙyale ta gobe, jibi ta zama ƙahon akuya, uwar kuma in ta ga ba a ɗiba sai ta daina fure.

Wata safiya kumandan, nasaran da ke mulkin garin, ya biyo ta bayan gidan bisa doki, Tukur na biye da shi a ƙasa, da gardin kumandan Ɗantala, ɗan sanda mai jar hula. Kubra na duƙe da wuƙa, ranar ce ma za ta fara tsinka. Sai nasaran ya ja linzami, ya diro, ya tsallake danga ba ko sallama, ya tsuguna gaban wata uwar kuɓewa. Abin da ya gani ƙoƙi-ƙoƙi ce, ƙwaron nan kore mai dogon wuya, mai naɗe hannuwa a ƙirji kamar tana roƙon Allah. Tun Kubra na yarinya take ganin irinsu a ganye, ba ta taɓa tsayawa ta yi musu kallo na biyu ba.

Shi kuwa kumandan kamar an kafe shi. In ya karkata hagu, ƙwaron ya juyo da kai ya bi shi da ido. In ya koma dama, ya sake biyo shi. Nasara ya yi ta dariya shi kaɗai har wuyansa ya yi ja wur. Da rana ta fara cizo ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya yi wa Tukur 'yar magana, ya haye doki.

Tukur ya gyara murya ya ce, "Tsohuwa, kumandan ya ce za shi rangadi Sukukutane da Dogon Kiriya. In ya komo yana son ya sake ganin wagga ƙoƙi-ƙoƙi. Kada a dame ta."

Kubra ta ce, "To, na jiya. Kuɓewata hwa?"

A nan ne Tukur ya yi abin da ya yi. Kumandan na nan bisa doki, ko juyawa bai yi ba. Da Tukur ya ɗaga kai ya tambaya, da nasaran ya ce ta tsinke abarta, ina ruwansa. Amma tafinta ba ya son a ga yana tambaya sau biyu, kada a ce bai ji nasaranci ba. Sai ya amsa da bakinsa.

"Duk icen da take kai, ba a taɓa shi."

"In ta tashi ta koma wani hwa?"

"Shi ma."

"To ai ƙahwa gare ta, ɗan nan! Duk za ta taka su!"

"Ke kika hwaɗi," in ji Tukur. Ya juya ga Ɗantala ya ce ya tsaya nan ya yi gadi, in wani abu ya sami ƙwaron, gidan kaso zai kwana.

Ɗantala tsohon soja ne, ƙato, mai gashin baki. Kubra ta san shi tun yana yawo ba wando, ita ta yi wa uwarsa Hasiya wankan jego. Amma tun da ya sa jar hula ba ya jin maganar kowa sai ta biro, ofishin kumandan. Ya zo gaban kuɓewar ya buga ƙafa, ya ƙame, ya yi wa ƙwaro gardabu, gaisuwar soja. Ƙwaron ya dube shi, ya ɗaga hannu ɗaya ya shiga lasa.

Kafin azahar labari ya kai ga mai unguwa. Shi kuma abu ɗaya ya sani: duk wanda kumandan ya bari a gari ya ce a kula da shi, baƙon kumandan ne, kuma baƙon kumandan yana da haƙƙin inuwa da ruwa da abinci a wuyan unguwa. Haka ake yi wa likitan shanu, haka ake yi wa mai awon hanya. Bai ga dalilin da zai sa a canza don baƙon ya zo da ƙafa shida ba. Aka turo maza suka kafa rumfa a kan kuɓewar, suka tattake mata yakuwa. Aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Aka kawo fura, baƙuwa ba ta ko kalla ba, Ɗantala ya shanye don kada a ce an mai da abinci.

Sai da suka ga ta cafke wani ƙuda da ya zo lasar ragowar furar, ta riƙe shi da hannu biyu ta fara ci daga kai, sannan suka gane cimarta. Mai unguwa ya sa aka yi shela: kowane gida ya ba da namiji ɗaya, aikin tilas, kamun ƙuda. Ana tsakiyar noma na biyu, magidanta masu gemu suka ajiye hauya suka bazu mahauta suna tafa hannu a iska. Suka kawo ƙuda cike da ƙoƙo. Baƙuwa ta ƙi. Ashe ba ta cin mushe, sai abin da ke motsi. Dole aka koma kamu da rai, a ɗaura wa ƙuda zare a ƙafa, mutum ya durƙusa ya riƙa lilo da shi a gabanta yana cewa, "Ranki ya daɗe, a daure a taɓa."

Abincin mai gadi kuma, aka ce ai yana wuyan mai masauki. Kubra ta tuƙa tuwo ta dire masa gaya, ba miya.

Ya ce, "Inna, miya hwa?"

Ta nuna masa garka da muciya. "Ga ta can bisa ice, kai ka tsare ta. Ci, ɗan Hasiya. In ya tsaya maka a wuya ka yi masa gardabu."

Kowace safiya aikin farko shi ne neman baƙuwa. Kore ce cikin kore, in iska ta kaɗa ganye ita ma sai ta riƙa rangaji kamar ganyen. Ɗantala kan hana kowa motsi, ya bi layi da rarrafe, jar hula a baki, har sai ya gan ta. Kubra na tsaye bakin danga da wuƙa a hannu, tana kallon 'ya'yan kuɓewa suna tsawo suna kauri.

Ta gwada lallashi. "Ɗantala, ga ta can gabas. Bari in tsinke na yamma, ko ganye ba zan kaɗa ba."

"Inna, in ta so komawa yamma ta tarar an taɓa hwa? Mi zan ce?"

Ta gwada wayo. Ta sa ruɓaɓɓen kan kifi cikin yakuwa don ƙuda su taru can, baƙuwa ta bi su ta bar mata kuɓewa. Ƙuda suka taru, masu aikin tilas suka yi ta sa mata albarka don ta rage musu tafiya mahauta, baƙuwa kuwa ba ta gusa ba. Me zai kai ta farauta, ana kawo mata har baki?

Ta gwada zagi. Ta zagi Ɗantala, ta zagi hularsa, ta zagi ranar da ta ɗora wa uwarsa ruwan zafi. Ya tsaya ƙiƙam yana hawaye, amma bai matsa ba.

Ana nan wata safiya sai aka ji ihu daga garka. Kubra ta fito ta tarar da ƙaton nan zaune a ƙasa, hannu bisa kai. A ƙarƙashin wani ganye ga baƙuwa rataye, kai ƙasa, ta yi fari fat, ba komai a cikinta, iska na kaɗa ta kamar ɓawon albasa.

"Ta mutu, Inna! Wani abu ya shanye ta ta ciki! Na shiga uku, kaso za su kai ni!"

Kubra ta rangaɗa guɗa. Ta ɗaura zane a ƙugu, ta taka rawa daga bakin danga har tsakiyar garka, ta kama kuɓewar farko ta ɗora wuƙa. Sai ta ji kamar ana kallonta. Ta ɗaga kai. Ga baƙuwa a reshen sama, ta ƙara girma, sabuwa fil, har da fukafukai da ba ta da su jiya, ta karkato kai tana duban wuƙar. Saɓa ta yi kamar maciji. Ɗantala ya tashi ya yi gardabu ga ta sama, ya yi shakka, ya sake yi ga ta ƙasa.

Aka kira Tukur ya yanke hukunci. Ya zo ya zagaya, hannu a baya, ya ce wannan rigar baƙuwa ce, kayan baƙo kuwa amana ne, icen da rigar ke rataye shi ma ya shiga cikin doka har abin da hali ya yi. Kubra ta ce masa, "Tukur, dubi kuɓewar nan. Dube ta da idonka. Rabinta ta ƙosa. In ka bar ni yau, zan tsira da rabi." Ya ce shi ba shi da ikon warware maganar kumandan. Ta ce ai ba maganar kumandan ba ce, tasa ce. Ya yi kamar takalminsa yake dubawa, ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki wani ya sauka a garkar, siriri, ƙarami, mai rawar jiki. Ya sauka nesa da baƙuwa, ya riƙa matsowa kaɗan-kaɗan ta bayanta, in ta juyo sai ya daskare kamar ba shi ba. Gardama ta tashi a rumfa: ɓarawo ne a kore shi, ko miji ne a shimfiɗa masa tabarma? Mai unguwa ya ce in miji ne, abincin zai ninka, shi kuwa ba shi da sauran maza. Suna cikin haka ɗan siririn ya yi tsalle ya haye bayanta, gardama ta ƙare. Maza suka kau da kai suna gyaran murya. Mata kuwa, da Zalihatu maƙwabciyar Kubra ta kai musu labari, suka bar daka suka cika danga.

Sai baƙuwa ta waiwayo a hankali, ta saƙalo wuyan angon da hannu ɗaya, ta fara cin kansa. Ta ci ido, ta ci baki, ta cinye kan ƙaf. Shi kuwa gangar jikin bai fasa abin da ya kawo shi ba.

Zalihatu ce ta fara magana. "Ikon Allah. Kai ya tahi, aiki bai tsaya ba. Ashe dama ba da shi suke yi ba."

Mata suka kwashe da shewa. Wani mai riƙe da zaren ƙuda ya saki zaren, ya shafa wuyansa, ya fice. Baƙuwa ta ci gaba har ta bar fukafukai kawai, suka faɗo ƙasa. Ta goge hannuwa, ta shafa fuska, ta sake naɗe su a ƙirji kamar wadda ta idar da nafila.

Ɗantala ya ruga biro ya ce an yi kisan kai a gabansa, kuma mai laifin ita ce wadda yake gadi, shin ya kama ta ne ko ya ci gaba da tsaronta? Tukur ya ce baƙon kumandan ba mai yi masa shari'a sai kumandan, a adana fukafukan mamacin shaida, a jira. Daga ranar maza suka riƙa zuwa aikin ƙuda da rawani naɗe har haɓa, a cikin zafin nan. Mata kuma suka mai da dangar Kubra wurin hira, har ta karye.

Cikin baƙuwa ya kumbura. Wata rana ta manne a jikin kara, ta riƙa fitar da wani abu kamar kumfar sabulu tana murza shi da gindi, ya bushe ya zama ɗan ƙulli ruwan ƙasa kamar gyaɗa guda. Zalihatu ta ce ƙwai ne. Daga nan baƙuwa ta rage ci, ta rage juya kai, damina kuma ta zo ƙarshe. Kuɓewa ta daina fure. 'Ya'yan da ke kai suka yi tsaye zangar-zangar suna kallon sama, suka fara tsagewa.

Kumandan kuwa bai komo ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanyar Dogon Kiriya, aka ɗauke shi a amuku, ragar ɗaukar mutum a kafaɗa, zuwa Dosso, daga can aka wuce da shi ƙasarsu. Aka kawo wani sabo, wanda bai san da ƙwaro ba, bai san da Kubra ba. Tukur bai faɗa masa ba, don in ya faɗa dole a tambaye shi wa ya hana mutanen unguwa guda noma saboda ƙuda. Ya ce dai doka tana nan, wanda ya ɗaura ta ne kaɗai zai kwance, shi kuwa ya haye teku.

Baƙuwa ta mutu da hantsi, ta faɗo ƙasa, tururuwa suka zo suka ɗauke ta gaɓa-gaɓa. Ɗantala ya bi su da rarrafe yana ba su umarni su tsaya, har suka shige rami da ita. Kubra ta ce to, alhamdu lillahi, a ba ta garkarta. Aka aiko daga biro cewa ɗiyan baƙuwa suna cikin ƙullin nan, marayun kumandan ne, gadi ya koma kansu.

Da Kubra ta ji haka ba ta yi zagi ba, abin da ya tsorata Ɗantala ke nan. Ta shiga ɗaki ta leƙa tulunta, ba komai sai ƙurar bara. Ta fito da wuƙa da kwando, ta wuce shi kamar ba mutum a wurin. Ta bi layi tana gwada kuɓewa ɗaya bayan ɗaya, ko za ta sami mai sauran taushi. Wuƙa ta riƙa zamewa. Ko ɗaya babu. Ta kakkarya su da hannu ta cika kwando, ta aza a kai. Sannan ta je ga karan da ƙullin ƙwai yake, ta sare shi daga gindi, ta riƙe shi tsaye a gabanta.

Ɗantala ya miƙo hannu zai kama ta. Ta ce, "Taɓa ni in girgiza, su zube. Kai za ka yi bayani."

Ya janye hannu. Ya yi tunani iyakar ƙarfinsa, ya ga an ce ya tsare ƙwai, ba a ce ya tsare wuri ba. Inda ƙwai ya tafi nan zai bi. Haka suka ratsa Dogon Dutsi da rana tsaka, tsohuwa a gaba da kwando da kara, gardi a baya yana buga ƙafa yana kore mutane, "A ba da hanya! Marayun kumandan!" Masu kamun ƙuda suka biyo da zarurrukansu, mata suka biyo da taɓarensu. A ƙofar biro, inda mace ba ta taɓa wuce matakala ba, masu gadi suka ga jar hula na rakiya, suka ƙame suka yi gardabu.

Sabon kumandan na zaune bayan teburi, Tukur na tsaye a gefensa. Kubra ta juye kwando bisa teburin, kuɓewa ta zubo da ƙara kamar itacen wuta. Ta dangwara karan a tsakiya. Ko zafin kwanon rufi ne, ko girgizar hanya, ko dai lokacinsu ne ya yi, Allah ya sani, ƙullin ya fara motsi. Wasu 'yan mitsi-mitsi kamar sauro suka riƙa zubowa, kowane da ɗan wuyansa da 'yan hannuwansa a naɗe, ba su ƙirguwa. Suka bazu bisa teburi, suka hau hannun nasara, suka shige takalmin Tukur. Tun ba su bushe ba wasu suka fara cin 'yan'uwansu. Ɗantala ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai bi da wanda zai kama, ya zauna a ƙasa ya cire hula.

Nasara ya miƙe yana kakkaɓe riga yana tambaya da ƙarfi. Tukur ya buɗe baki, Kubra ta riga shi. Ta ɗauki kuɓewa guda ta ƙwanƙwasa teburi da ita, ta miƙa masa har ta taɓa masa leɓe.

"Kai, ɗan Abdu. Yau kam za ka tambaya sau biyu. Hwaɗa mashi ga baƙinsu nan na maido, ba ni da sauran masauki. Hwaɗa mashi wagga ita ce miyata ta shekara, in yana da haƙori ya tauna. Kuma ka hwaɗa mashi wa ya ce kada a tsinka, da sunanka da na ubanka, ina kallon bakinka, sunan Tukur dai ba ya sakewa a nasaranci, in ka tsallake shi zan ji. Ba ni tashi nan. Rani na tahe, ni tsohuwa ce, ba ni haɗiye gaya. A cikinku wani ya tsaya ya gaya mani da mi zan ci tuwo!"